Kaka Moses, manomiyar Amurka da ta koma zane bayan ta haura shekara saba'in

Cikin shekara ta 1938 wani injiniya mazaunin birnin Niyu Yok, mai suna Louis Caldor, ya ratsa ta wani ɗan gari da a ke kira Hoosick Falls, a arewa maso gabashin ƙasar Amurka. Da ya zo wucewa ta gaban wani kantin magani sai idonsa ya faɗa kan waɗansu ƙananan hotuna na fenti da aka jera a taga, a tsakanin kayan ɗinki da sauran tarkacen da matan ƙauye ke kawowa a sayar masu. Hotunan gonaki ne da tuddai da gidaje, sun daɗe a wurin ba wanda ya taya. Ya shiga ya tambayi mai su, aka ce da shi wata tsohuwa ce a ƙauyen Eagle Bridge, shekarunta sun kusa tamanin. Ya saye duka, kashegari kuma ya nemi gidanta.

Wannan tsohuwa ita ce Anna Mary Robertson Moses, wadda duniya ta sani daga baya da sunan Grandma Moses, wato Kaka Moses. Moses ɗin sunan zuriyar mijinta ne, kuma shi ne yadda masu jin Ingilishi ke faɗin Musa. Masu ba da labarinta sun saba cewa ta fara zane da tsufa, kamar baiwar ta faɗo mata daga sama rana ɗaya. Ba haka al'amarin ya ke ba. Tun tana ƙarama ta ke zane, aiki ne ya raba ta da shi shekara sittin da wani abu, kuma wannan aikin da ya raba su shi ne abin da ta dawo ta zana.

An haife ta ranar 7 ga watan Satumba na 1860 a karkarar Greenwich, cikin jihar Niyu Yok, kusa da iyakar jihar Vermont. Ita ce ta uku cikin ƴaƴa goma. Mahaifinta, Russell King Robertson, manomi ne, yana kuma da injin gyaran wata irin rama da a ke saƙa tufafi da ita. Watanni biyu bayan haihuwarta aka zaɓi Abraham Lincoln shugaban ƙasa, daga nan Amurka ta faɗa yaƙin basasa. Har cikin tsufanta tana tuna baƙin ƙyallen da ta gani an rataya a jikin gidaje sa'ad da aka kashe Lincoln cikin 1865, tana ƴar shekara huɗu da ƴan watanni.

Karatunta bai yi nisa ba. Makarantar ƙauyen ɗaki ɗaya ce tak, manya da ƙanana duka a gaban malami guda, ƴan mata kuwa ba kullum a ke barin su zuwa ba, saboda aikin gida da tsananin sanyi. Amma mahaifin mutum ne mai sha'awar zane, yakan sayo wa yaransa manyan fallayen farar takarda masu araha domin su yi wasa. Yarinyar ba ta da fenti, sai ta riƙa matse ruwan inabi da na ƴaƴan itatuwan daji, ta haɗa da jar ƙasa da farar ƙasa da ruwan ganye, ta zana tuddai da faɗuwar rana. Uban yana yabawa. Uwar kuwa tana ganin akwai abubuwan da suka fi wannan amfani ga ƴa mace, kuma idan an dubi halin da gidan ke ciki ba a iya cewa ta yi laifi.

Tana da shekara 12 ta bar gidan iyayenta, ta shiga aikatau a gidajen manoma masu hali na yankin. Shekara goma sha biyar ta yi tana wannan aiki: dahuwa, wanki, ɗinki, shara, jiyyar marasa lafiya da tsofaffi. A ɗaya daga cikin gidajen nan masu gida sun lura tana tsayawa kallon hotunan bugu da ke rataye a bango, na wani kamfani mai suna Currier and Ives wanda hotunansa suka cika gidajen Amurka a wancan zamani, sai suka saya mata alli da alƙaluman launi. Ban da wannan, hannunta bai sake samun sukunin zane ba.

Cikin 1887, tana da shekara 27, ta auri Thomas Salmon Moses, wanda ke aikin ƙodago a gonar da ita ma ta ke aikatau. Da aka ɗaura aure suka shiga jirgin ƙasa suka nufi kudu neman sa'a. Niyyarsu su isa jihar Karolina ta Arewa, amma da suka yada zango a garin Staunton na jihar Birjiniya aka yi masu tayin wata gona ta haya, suka karɓa. Zaman da suka ɗauka na ɗan lokaci ya kai kusan shekara ashirin a kwarin Shenandoah. Da ƴan kuɗin da ta tara na aikatau ta sayi saniya, ta shiga kaɗa man shanu tana sayarwa, har man nata ya yi suna a wurin ƴan kasuwar yankin. Daga baya ta ƙara da soya dankalin turawa yankakke siriri tana kai wa masu kanti. Da haka, daga gonar haya zuwa wata gonar haya, har suka sayi tasu ta kansu.

A nan Birjiniya ta haifi ƴaƴa goma. Biyar sun rayu. Biyar kuwa ta binne su suna jarirai a ƙasar da ba tata ba, ta baro kaburburansu can sa'ad da iyalin suka koma arewa cikin 1905. Mai karatu ya riƙe wannan a zuciya, domin za mu komo kansa in mun zo ga abin da ta zana da abin da ta ƙi zanawa.

Komawar tasu bisa son mijin ne, wanda kewar gida ta dama. Suka sayi gona a Eagle Bridge, ba nisa da inda aka haife ta, suka sa mata suna Dutsen Nebo, sunan dutsen da littattafan Yahudu da Nasara suka ce daga kansa Annabi Musa ya hango ƙasar alkawari. Suka kama kiwon shanun madara. Rayuwar ita ce dai wadda ta sani: tashi da asuba, tatsa, wanke tulunan madara, dafa abincin ƴan ƙodago, yin sabulu da kyandir, adana ƴaƴan itace cikin kwalabe saboda lokacin sanyi.

Cikin 1918 wani ɗan abu ya faru wanda ya nuna tsohuwar sha'awar ba ta mutu ba. Tana manna takardar ado a bangon ɗakin baƙi, kamar yadda su ke yi a can, sai takardar ta ƙare kafin ta rufe allon da a ke toshe bakin murhun ɗumama ɗaki da shi in zafi ya zo. Maimakon ta je saye, sai ta ɗauki ragowar fentin gida da burushi, ta zana tabki da itatuwa a jikin allon. Shi a ke lissafawa a matsayin zanenta na farko da ya wanzu. Tana da shekara 58 a lokacin. Bayan wannan takan yi wa tebur ko wani kayan ɗaki ado jefi-jefi, amma ba ta ɗauki abin sana'a ba, ba kuma wanda ya ɗauke shi haka.

Thomas ya rasu cikin 1927, ciwon zuciya ya ɗauke shi farat ɗaya. Ta ci gaba da riƙon gonar tare da taimakon ƴaƴanta. Farkon shekarun 1930 ta tafi garin Bennington jiyyar ɗiyarta Anna, wadda tarin fuka ya kama. Ɗiyar ce ta nuna mata wani hoto da aka yi da zaren ulu, ta roƙe ta ta yi mata irinsa. Ta yi, ya yi kyau, ta ci gaba da yi tana kyauta da su ga dangi da maƙwabta. Anna ba ta tashi daga wannan ciwo ba. Uwar ta zauna ta kula da jikokinta na wani lokaci kafin ta koma Eagle Bridge, wurin autanta Hugh da matarsa.

Ga inda al'amari ya juya. Da ta kai wajen shekara 76, amosanin gaɓɓai ya kama yatsunta, riƙon allura ya zama azaba. Mace ce da ba ta taɓa sanin zaman banza ba, yanzu ga shi an ɗauke mata aikin gona saboda tsufa, ɗinkin ma ya gagara. Ƙanwarta Celestia ta ba ta shawara ta gwada burushi, tun da riƙonsa ya fi na allura sauƙi. Ta gwada. In hannun dama ya yi tsami sai ta koma na hagu. Wato ciwon da ya ƙwace mata sana'a ɗaya shi ya mayar da ita ga abin da ta bari tun tana ƴar shekara goma sha biyu.

Babu malamin da ya koya mata, saboda haka ta shirya aikinta yadda macen gona ke shirya kowane aiki. Ba ta cika amfani da ƙyallen da masu zane ke shimfiɗawa ba. Allon katako na matsi ta fi so, irin wanda magina ke aiki da shi. Sau da yawa sai ta fara samun tsohon firam tukuna, sa'an nan ta yanka allo daidai da shi, domin kada a yi asarar kome. Ta shafe allon da mai, ta bi shi da farin fenti har sau uku, wanda shi ke sa launukanta haske. Ba ta da abin jingina allo irin na masu zane, a kan wani tsohon tebur cikin ɗakin kwananta ta ke kwantar da shi. Daga sama ta ke farawa: sararin sama, sa'an nan duwatsu masu nisa, sa'an nan tuddai da gonaki da itatuwa, sa'an nan gidaje da dabbobi, mutane su ne na ƙarshe. Inda burushi ya yi kauri, kamar idon mutum ko bakin doki, sai ta sa tsinken ashana ko fil. In ta zana dusar ƙanƙara takan barbaɗa wani gari mai ƙyalƙyali a kai. Masana sun yi ta ba ta shawara ta daina, ta ƙi, bisa hujjar cewa duk wanda ya ga dusar ƙanƙara da hantsi ya san tana walƙiya.

Akwai wani abu da masu yabonta na farko ba su so faɗi ba, ni kuwa ban ga abin ɓoyo a ciki ba. Siffar mutum da ta dabba suna ba ta wuya, don haka ta tara guntayen hotuna da ta yanko daga jaridu da mujallu da katunan gaisuwa, takan ɗora takardar karbon, irin wadda ma'aikatan ofis suka sani, ta kwafi siffar mai sarar itace ko ta doki ta sa a inda ta ke so. Zanenta na farko-farko ma kwaikwayon hotunan bugu ne. Wanda bai sami malami ba dole ya yi malami da abin da ya tarar a gabansa, kamar yadda mai koyon rubutu da girma ke bin sawun baƙaƙen da wani ya rubuta kafin hannunsa ya faɗa. Abin da ba ta kwafa daga kowa ba shi ne ƙasar kanta. Launin tudu in damina ta ja baya, yadda sama ke yin nauyi kafin hadari, bambancin korayen gonaki na kusa da na nesa, waɗannan ta taga ta ke duba su, ta kuma san su tun shekara saba'in. Mutanenta ƙanana ne, kamar ƴan tsana, ba su da inuwa. Amma shimfiɗar ƙasar da su ke tsaye a kai aikin gwani ce, kuma a nan ne ma waɗanda ba su son ta su kan yi shiru.

Da farko ba wanda ya kula. Ta kai zanenta bikin nunin amfanin gona na garin Cambridge da ke kusa da su, tare da ƴaƴan itacen da ta dafa da sukari ta adana cikin kwalabe. Kwalaben suka ci lambar yabo, zanen ya dawo gida yadda ya tafi. A kantin maganin nan kuwa dala uku zuwa biyar a ke sa masu, gwargwadon girma. A lura, dalar Amurka a ke nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba. Duk da haka kuɗi ne kaɗan, bai wuce ladan wahala ba.

Sa'ad da Caldor ya zo, an shaida masa akwai waɗansu guda goma a gida. Ana ba da labari cewa da ta ƙirga ta tarar tara ne, sai ta raba wani babba biyu da dare domin lissafi ya cika, kada a ce ta yi ƙarya. Mutumin ya gaya wa iyalin zai sa a san ta a birni, suka ɗauka zautacce ne. Ya koma Niyu Yok ya yi ta yawo da hotunan daga wannan dillali zuwa wancan, yana kuma aiko mata da fenti da burushi na ainihi. Dillalan su kan yaba, amma da zarar sun ji shekarunta sai su janye: wa zai zuba kuɗi wajen tallar mai zanen da ba a sa ran za ta ƙara shekara biyu? Cikin 1939 ya samu aka sa guda uku cikin wani nuni na masu zanen da ba a sani ba, a babban gidan ajiye zanen zamani na birnin. Abin bai yi wani amo ba.

Wanda ya buɗe mata ƙofa baƙo ne a ƙasar. Otto Kallir dillalin zane ne daga Biyana, babban birnin Ostiriya, ya gudo cikin 1938 da ƴan Nazi suka mamaye ƙasarsa, ya biyo ta Faris, ya buɗe ɗakin nuna zane mai suna Galerie St. Etienne a Niyu Yok cikin 1939. A Turai an riga an saba daraja masu zanen da ba su yi makaranta ba. Ma'aikatanmu da suka yi karatun Faransanci za su tuna Henri Rousseau, ɗan ƙaramin ma'aikacin karɓar kuɗin shigo da kaya a ƙofofin Faris, wanda ya bar aiki cikin 1893 ya duƙufa ga zane, aka yi ta yi masa dariya, daga baya manyan masu zane irin su Picasso suka girmama shi. Kallir ya dubi aikin tsohuwar da irin wannan ido. Cikin watan Oktoba na 1940 ya shirya mata nuni nata ita kaɗai, da sunan abin da matar manomi ta zana. Tana da shekara 80. Ba ta halarci buɗewar ba, bisa dalilin cewa ta riga ta ga hotunan duka. Kaɗan ne aka saya.

Wata guda bayan haka babban kantin Gimbels ya ɗauki hotunan ya nuna su lokacin bikin godiya da Amurkawa ke yi a watan Nuwamba, ya kuma gayyato ta. Wannan karon ta zo. Aka tsayar da ita gaban taro da ƴan jarida domin ta yi bayanin zane, sai ta shiga yi masu bayanin yadda ta ke gasa burodi da dafa ƴaƴan itace na kwalba, har ta zo da samfuri. Mutanen birni suka ƙaunace ta nan take. Jaridu suka kama sunan da ƴan ƙauyensu ke kiran ta da shi, Kaka Moses, ya bi ta har kabari.

Me ta ke zanawa da ya kama zukatan mutane haka? Aiki ne, galibi, da bukukuwan da ke biyo bayan aiki. Ga ranar wanki, ga yin sabulu, ga kamun talotalon biki, ga tashin sabon rumbu da maƙwabta suka taru gayya, ga mata zagaye da babban bargo suna ɗinki. Wanda ta fi maimaitawa shi ne dafa sukarin itace. A ƙasarsu akwai wani itace mai suna mapul, wanda a ƙarshen sanyi a ke huda jikinsa a rataya bokiti, ruwa mai ɗan zaƙi ya riƙa ɗiga. A tara shi a dafa cikin manyan tukwane a fili, kamar yadda a ke dafa ruwan rake a yi mazarƙwaila, sai an ƙone wajen lita arba'in kafin a sami lita guda ta zumarsa. Cikin hotunanta na wannan aiki kowa da abin da ya ke yi: mai ɗauko bokiti, mai iza wuta, mai kora shanun da ke jan itace, yara suna zuba zumar a kan ƙanƙara su sha. Babu wanda ya ke tsaye a banza, kuma babu wani mataki na aikin da aka sa a inda bai kamata ba, domin mai zanen ta yi kowane ɗaya da hannunta. Haka kuma ta zana wani tsohon masauki na kusa da Cambridge, mai bango ja da fari kamar allon dara, sau da yawa, cikin rani da cikin sanyi, alhali gobara ta cinye shi tun 1907. Daga ka ta ke zana shi.

Sai dai akwai abin da babu a ciki. Ba safai a ke ganin tarakta ko turakun waya ko masana'anta ba, ko da ya ke duk suna nan kewaye da ita sa'ad da ta ke zanen. Babu fari, babu bashi, babu ciwo. Matar da ta binne jarirai biyar, ta binne miji, ta yi jiyyar ɗiya har ta rasu, ba ta zana kabari ya zama kan magana ba. Ra'ayinta, wanda ta sha bayyanawa, shi ne ba ta ga amfanin zana abin baƙin ciki ba. Masu suka sun ce wannan ƙauye ne na mafarki, an share masa hawaye domin ya yi daɗin kallo ga mutanen birni. Akwai gaskiya cikin sukar, kuma mai karatu da ya san noma ya san gona ba kullum ta ke biki ba. Amma ni a ganina akwai bambanci tsakanin ɗan birnin da ya ƙawata ƙauye don bai san wahalarsa ba, da wadda ta sha wahalar har ƙarshe sa'an nan ta zaɓi abin da za ta ajiye. Shirun nata ba na rashin sani ba ne.

Zamanin ma ya taimaka mata. Amurka ta fito daga matsin tattalin arziki na shekarun 1930 ta faɗa yaƙin duniya na biyu, ta fito daga wannan ta shiga zaman ɗar-ɗar da Rasha da tsoron bam ɗin nukiliya. Miliyoyin mutanen da iyayensu manoma ne sun koma birane. Hoton tsohuwar gona mai zaman lafiya ya zame masu abin jingina. Daga 1947 kamfanin Hallmark ya shiga buga zanenta a kan katunan gaisuwar Kirsimati, aka sayar da miliyoyi. Aka sa shi a jikin yadudduka da faranta. Cikin 1949 ta je Washinton karɓar lambar yabo ta ƙungiyar mata ƴan jarida daga hannun shugaba Harry Truman, wanda ya gayyace ta shan shayi har ya kaɗa mata piyano. A wannan shekara ce kuma autanta Hugh, wanda ta ke zaune a gidansa, ya rasu. Cikin 1950 aka zagaya da hotunanta biranen Turai, har da Biyana da Faris, aka kuma yi wani ɗan fim a kan rayuwarta. Littafin tarihin rayuwarta, wanda ta rubuta da kanta Kallir ya shirya, ya fito cikin 1952. Mujallar Time ta sa hotonta a bango cikin Disamba na 1953.

Yayin da jama'a ke ƙara son ta, manyan masanan zane na Niyu Yok suna ƙara ja da baya. A waɗannan shekaru hankalinsu ya koma ga wani sabon salo wanda ba ya nuna siffar kome, sai launi da layi, irin na Jackson Pollock da abokansa. A wurinsu, zanen da ya dace da katin gaisuwa ya riga ya fita daga sahun zane na ƙwarai. Ita ba ta shiga gardamar ba. Ba ta taɓa kiran kanta gwana ba, ta ɗauki zane sana'ar hannu kamar kaɗa man shanu, har takan jera alluna da yawa ta yi masu sama gaba ɗaya domin kada fentin da ta dama ya bushe a banza. Tsadar da hotunanta suka yi ma ta fi ba ta mamaki da ta ba ta daɗi. Ba ta bar Eagle Bridge ba. Cikin 1951 ƴaƴanta maza suka gina mata ƙaramin gida a tsallaken hanya, ɗiyarta Winona ta zo ta zauna da ita, ita ma ta riga ta rasuwa cikin 1958.

Ranar da ta cika shekara 100, cikin Satumba na 1960, gwamnan jihar Niyu Yok Nelson Rockefeller ya sa wa ranar sunanta, mujallar Life kuma ta sa ta a bango. Ba ta ajiye burushi ba. Zanenta na ƙarshe, na bakan gizo a kan gonaki, ta gama shi cikin 1961. Bayan haka ƙafafunta suka gaza, ta faɗi fiye da sau ɗaya, aka kai ta gidan jiyya a Hoosick Falls, garin nan na kantin magani. Likitoci suka hana ta zane domin ta huta, abin kuwa ya dame ta ƙwarai. Ta rasu ranar 13 ga Disamba na 1961, tana da shekara 101, aka binne ta a maƙabartar garin. Shugaba John Kennedy ya fitar da sanarwar ta'aziyya.

Cikin shekara ashirin da biyar ɗin nan na ƙarshen rayuwarta ta yi hotuna fiye da 1,500. Cikin 1969 gidan waya na Amurka ya fitar da tambur, wato kan sarkin da a ke liƙa wa wasiƙa, ɗauke da zanenta na bikin ranar ƴancin ƙasar, wanda ainihinsa mallakar fadar shugaban Amurka ne. Cikin 2006 aka yi gwanjon ɗaya daga cikin hotunanta na dafa sukarin itace, wanda ta zana cikin 1943, aka saye shi a kan dalar Amurka fiye da miliyan guda. Tarin aikinta mafi girma da jama'a ke iya gani yana gidan tarihi na Bennington, garin da ta yi jiyyar ɗiyarta. Allon bakin murhun nan na 1918 ya tsira. Makarantar mai ɗaki ɗaya da ta ɗan zauna a ciki tana yarinya, ita ma an ciro ta daga mazauninta cikin 1972 an kafa ta a jikin gidan tarihin.